A Faɗi Kuɗin Hoton Biki Kafin a Yafe Shi

Duk gidan da ake shirin aurar da 'ya a Ƙaura Namoda akwai takardar lissafi, galibi a hannun yayar amarya ko gwaggonta. A ciki za a ga kafinta da kuɗin gado da kujeru, tela da kuɗin ɗinkin anko, mai lalle, mai kwalliya, mai rumfa da kujerun roba, buhun shinkafa, jarkar mai, har da itacen girki da motar kai amarya. Kowane suna da adadi a gabansa, an yi ciniki, an ba da kafin alƙalami. Mai hoto ne sau da yawa ba ya shiga wannan takarda, musamman in Allah ya sa akwai mai kyamara a dangi. Idan wani ya tuna ya ce, "To hoto fa?" amsa a shirye take: "Ai muna da ɗan gida."

Da zuciya ɗaya ake ba da wannan amsa, babu mai nufin cuta. Amma ita ce ke hana matasa da yawa da suka riƙi hoto sana'a a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi tsayawa da ƙafafunsu, kuma zumuncin da aka yi shiru dominsa shi ne ke fara shan wuya. Abin da ya kamata ya zama al'ada shi ne a faɗi kuɗin aikin tun kafin ranar biki, ko da bikin ƙanwa ce uwa ɗaya uba ɗaya, sannan mai aikin ya rage abin da ya ga dama, ko ya yafe duka in ransa ya so.

Mai ganin aikin hoto danna maɓalli ne kawai, ya tsaya kusa da mai hoto ranar ɗaurin aure. Tun kafin a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida yana wurin. Ya cika batura da daddare in an samu wuta, in ba a samu ba ya kai su shagon caji. Liman da waliyyai suna zaune a inuwa, shi yana tsaye a rana, igiyar kyamara ta jiƙe da gumi a wuyansa, yana jiran lokacin da za a miƙa sadaki da lokacin da za a ɗaga hannu a shafa fatiha, domin waɗannan ba a maimaita su. Da an shafa sai kira ya taso ta ko'ina. Abokan ango suna so a ɗauke su a jere, baffa yana so a ɗauke shi da Alhajin da ya zo daga Gusau, kuma duk wanda aka ɗauka sai ya ce, "Mu gani," kawuna biyar su haɗu a kan ɗan gilashin bayan kyamara, wani ya ce ya rufe ido, a sake. Ana rabon goro da alewa, ana wucewa da tiren shinkafa, shi hannunsa bai sauka ba. Ɗan'uwan amarya ne, ya ɗinka anko da kuɗinsa kamar kowa, amma in aka buɗe albam ɗin bayan shekara goma ba za a ga fuskarsa ko a hoto ɗaya ba.

Wannan kuwa sa'o'i biyu ne cikin biki mai kwanaki. Akwai sa lalle, akwai kamu, akwai walima da yini, akwai kai amarya da buɗar kai, wasu gidajen su ƙara da dina. Bayan an kwashe rumfuna kowa ya koma harkarsa, shi lokacin ne sauran aikinsa ke farawa. Zai zauna gaban kwamfuta ya tace hotuna fiye da dubu, ya zubar da masu dishi-dishi, ya gyara hasken waɗanda aka ɗauka a ɗaki mai duhu, ya daidaita launin atamfa don kada ja ya koma ruwan goro, ya ware na albam da na firam. Darare ake kwashewa a kan wannan, kuma a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, janareta ne ke riƙe da daren. Ba wanda yake ganin wannan aikin, shi ya sa ba wanda yake lissafa shi.

Kayan aikin ma suna ci. Kyamara da gilashinta na gaba da fitila da memori duk daga waje ake shigo da su, da dala. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Litar fetur da farashinta na hukuma bai kai naira 200 ba kafin Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, ta haye naira 1,000 a Oktoban 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban wannan shekarar. Mai shinkafa ya ƙara kuɗi, kafinta ya ƙara, direba ya ƙara, an biya su duka ana ƙunƙuni. Mai hoton gida shi kaɗai aka bari a kan "Allah ya yi albarka" da ɗan kuɗin mai, in an tuna.

Akwai kuma wani ci da ko masu sana'ar ba kasafai suke sa shi a lissafi ba. Ɗan ƙyauren da ke buɗewa ya rufe a cikin kyamara duk lokacin da aka danna yana da iyakar rai. Canon da Nikon suna ƙiyasta wa kyamarorinsu matsakaita dannawa sau 100,000 zuwa 150,000. A ce biki ɗaya ya ci dannawa 1,500. Kyamara mai 150,000 biki ɗari ke gare ta, in sabuwa ce fil, alhali da yawa ta hannu suke saya daga Kano ko Legas, wadda wani ya riga ya ci rabin ranta a wata ƙasa. Ke nan duk bikin da aka yi kyauta an gutsuri wani abu daga jarin, kuma ranar da ƙyauren ya tsaya, kuɗin mota zuwa wajen mai gyara da kuɗin gyaran daga aljihun mutum ɗaya za su fito.

Sai hanya, wadda ita ce ta bambanta mai hoton arewacin Zamfara da takwaransa na cikin Kano. Dangi ba a gari ɗaya suke ba. Ɗan Ƙaura yana da 'yan'uwa a Kasuwar Daji da Moriki da Birnin Magaji da Zurmi da Shinkafi. Hanyar da ta bi Moriki zuwa Shinkafi, da wadda ta bi Zurmi ta nufi Jibiya, kowa ya san halin da suke ciki a shekarun nan: tare hanya, satar mutane, kwanakin da direbobi ke ƙin fita. Wanda ya shiga mota da jakar kyamara ya ɗauki ransa da dukan jarinsa a tafiya ɗaya. Baƙon mai hoto zai sa wannan a farashi, ko ya ce ba zai je ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Ɗan gida ba shi da bakin cewa a'a. A Satumban 2021, da aka rufe layukan waya a faɗin jihar aka kuma dakatar da kasuwannin mako-mako, har da babbar kasuwar Shinkafi, masu ƙananan sana'o'i sun ga yadda ciniki ke tsayawa cak na makonni ba da laifinsu ba. Mai sana'a a irin wannan yanki yana bukatar ajiya fiye da kowa, ajiya kuwa daga kwanakin aiki take fitowa, kuma kwanakin aikin mai hoton biki ƙidayayyu ne: bayan kaka, da makonnin da ke gaban azumi, da bayan sallah. A daidai lokacin ne bikin dangi ke faɗowa, a Asabar ɗin da baƙo mai biya ya nema.

A da ba haka abin yake ba. Zamanin fim, hoto yana da jiki, yana da farashi. Naɗin fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, sai an saya, sai an kai wanki, kuma kowa ya san kati ɗaya nawa ne. Ko kawun mai hoto ne zai miƙa kuɗin kati, don yana ganin takardar a hannunsa. A Bamako ta ƙasar Mali, Malik Sidibe ya yi suna a shekarun 1960 da 1970 da irin wannan tsari. Yakan kwana yana zaga bukukuwa da tarukan matasa da kyamararsa, ya koma shago ya wanke, ya manna ƙananan samfura a kan kwali ya sa musu lamba, matasan su zo su zaɓi wanda suke so su biya. Mutanen da yake ɗauka 'yan garinsu ne, da yawa sanannunsa, sanayya kuma ba ta hana su biya ba. Da kuɗin katin nan ɗai-ɗai ya riƙe shago shekaru masu yawa, har a 2007 aka ba shi lambar Zakin Zinare a babban baje kolin fasaha na birnin Benis na Italiya saboda aikin rayuwarsa, mai hoto na farko da ya samu wannan girma.

Da kyamarar dijital ta zo, wayar hannu ta biyo ta, fim ya ja baya, har kamfanin Kodak ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a Janairun 2012. Hoto ya koma abin da ake turawa ta WhatsApp. Katin da ake riƙewa a hannu ya ɓace, farashin da ke manne da shi ya bi shi, aikin kuwa ƙaruwa ya yi, domin wanda a da naɗi biyu ke isarsa biki yanzu dubu ake jira daga gare shi, da bidiyo a kai. Mutane suka ɗauka abin da ba a taɓawa ba ya cin kuɗi, tun da kowa yana da kyamara a aljihu. In da ta aljihun ta isa, ai da ba a kira ɗan gida ba.

Dangi ma suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Sau da yawa kyamarar nan da kuɗin gida aka saye ta: uwa ta sayar da tunkiyarta, yaya ya ba da rance bai sake tambaya ba, kawu ya ba da shagon da ake zama ba haya. Yaron da aka yi wa haka, in ya tashi ya miƙa wa gwaggonsa takardar farashi kamar baƙuwa, ba a yi masa ƙazafi ba in an ce ya manta alheri. Ga kuma halin da ake ciki. Ƙaura da Shinkafi da Zurmi cike suke da mutanen da suka baro ƙauyukansu da gonakinsu, akwai uban da da ƙyar ya haɗa katifa da kwanuka ya kai 'yarsa ɗaki. Wanda ya kafe a kan cikakken kuɗi a irin wannan gida bai kyauta ba. Taimakon juna dole ne. Abin tambaya shi ne wa ke yanke shawarar taimakon: mai aikin ne ke bayarwa da kansa, ko ɗauka ake yi don an san ba zai iya buɗe baki ba?

Al'adar Bahaushe ba ta taɓa ɗaukar aikin mai sana'a a banza ba don yana ɗan unguwa. Wanzamin gida, wanda ubansa ya yi wa uban maigida aski, yana da kasonsa sananne ranar suna, ungozoma ma haka, kuma ba wanda ke jin nauyin fitar da shi. Gayya a ido kyauta ce, amma mai gona yana ciyar da masu aiki, kuma ya san ranar da aka kira shi dole ya saɓi fartanyarsa. Mata sun fi kowa tsari a nan. Gudummawar biki riƙe ta ake yi a ka ko a rubuce: wance ta kawo naira kaza, wance ta kawo turmin atamfa, don ranar nata bikin a san abin da za a mayar, har a ɗora. Littafin Baba ta Karo, tarihin wata dattijuwa Bahaushiya da Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, ya nuna yadda musayar kyauta a bukukuwa ta daɗe tana ɗaure ƙawance tsakanin mata.

To me ya sa turmin atamfa ke shiga lissafin gudummawa, aikin yini uku da darare huɗu ba ya shiga? Domin atamfa kowa ya san kuɗinta. Da mai hoto zai ce, "Gwaggo, aikin nan in na baƙo ne naira 80,000 ne. Ki ba da 30,000 na mai da wanki da albam, sauran gudummawata ce," da an san ya kawo 50,000, abin da ƙila babu wani ɗan'uwa da ya kawo kamarsa. Adadin misali ne kawai, kowa ya san kasuwarsa. Gwaggo ta san abin da ɗanta ya yi mata, za ta faɗa a gaban mata, za ta tuna ranar nasa auren. In ya yi shiru kuwa, sai a ce wane bai kawo komai ba, hoto kawai ya ɗauka.

Malamai ma ba su bar wannan ƙofa a buɗe ba. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan Zamfara kamar yadda ake karanta ta a Sakkwato da Katsina, ta gindaya wa ɗaukar mutum aiki sharaɗin a ambaci lada kuma a sa wa'adi. Dalilin malaman Malikiyya shi ne rashin sani a ciniki yana haifar da husuma, kuma inda aka yi aiki ba a kan ƙa'ida ba, abin da suke komawa gare shi shi ne ladan da ake biyan irin wannan aiki a gari. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. A Suratul Ƙasas kuwa, dattijon Madyana da zai aurar wa Annabi Musa (AS) 'yarsa bai tsaya a kan an zama ɗaya ba. Ya faɗi shekarun aiki, takwas, ya bar biyu na cikon goma a matsayin zaɓin Annabi Musa. An raba wajibi da kyauta tun a zaman farko, tsakanin suruki da suruki. Kunyar da ke hana ɗan'uwa faɗin ladansa ba daga littafi ta fito ba.

Ga yadda shirun ke ƙarewa. Mai hoto ya yi aiki yana sa ran za a duba shi, masu biki kuma suna ganin an gama magana tun da bai ce komai ba. Aka miƙa masa abin da ko man janareta bai kai ba, ya karɓa ya ce ba komai, zuciyarsa kuwa ba haka ta ce ba. Sai ya tura hotunan gida baya, ya gama na masu biya tukuna, don shi ma yana da haya da iyali. Wata ɗaya ya wuce, wata uku. Amarya ta aiko ƙanenta, aka ce gobe. Uwar amarya ta kai ƙara wajen uwarsa. Wata rana memori ya lalace, ko ya goge shi don wani aiki na gaggawa, hotunan da ba za a sake ɗauka ba har abada sun tafi. Baƙon da aka biya ana iya tsare shi a ce ina aikinmu. Wanda ya yi kyauta, da wane baki za a tsare shi? Masu biki sun rasa damar tambaya, shi ya rasa ladansa, gida biyu suna gaisawa sama-sama a kan abin da maganar minti biyar za ta kashe tun farko.

Wani lokaci kuma mai hoton yakan biya kansa ta hanyar da ta fi muni. Tun da ba a ba shi kuɗi ba, sai ya ɗora hotunan amarya da ƙawayenta a Facebook ko TikTok a matsayin talla, yana ganin shi ne ladansa. A Zamfara, inda gidaje da yawa ke raba zaman maza da na mata a biki, kuma amana ce ta sa aka bar ɗan gida ya shiga cikin mata, wannan na iya tayar da fitinar da za ta kai har ɗakin auren. A yankin da masu garkuwa ke neman sanin wa ke da hali, baza hoton lefe da gwala-gwalai da fuskokin mutane a intanet ba ƙaramin ganganci ba ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba wanda ya sa aka ɗauki hoto don amfanin gidansa damar hana a yaɗa shi, sai in an yi yarjejeniya a kan akasin haka. Yafe kuɗi ba ya sayen izinin talla. Shi ma sai an tambaya an amsa.

Na aboki ya fi na dangi ɗaci, domin shi bai sayar da tunkiya don a sayi kyamara ba. Angon da ya kama zauren dina, ya ɗauki mai kiɗa, ya yi hayar motoci, sannan ya ce wa abokin karatunsa, "Ka zo da kyamararka fa," ba rashi ne ya sa shi ba. Ya zaɓi wanda zai iya hanawa ne. Kuma ɓarnar ba ta tsaya tsakaninsu ba: gobe wani ya je shagon mai hoto na daban, a faɗa masa kuɗi, ya ce, "Haba malam, wane ma nawa ya yi wa su Alhaji?" Aikin kyauta guda ɗaya da ba a faɗi asalin kuɗinsa ba yana karya farashin duk masu sana'ar a unguwa.

Su ma masu hoto suna da kasonsu na laifi, kuma babba ne. Da yawa ba su da farashi tsayayye ko ga baƙo. Sukan dubi takalmin mutum da motarsa su yanka, ko su ce, "Ba da abin da ya sauƙaƙa," daga baya su yi ta ƙorafi. Wanda bai san kuɗin aikinsa ba, ta yaya zai san abin da ya yafe? Lissafin ba mai wuya ba ne: kuɗin mota, man janareta, wanki, albam, ladan yaron da ke riƙe fitila, wani kaso na gyara da sabunta kyamara, sannan ladan kwanakin da ya yi, har da na zama gaban kwamfuta. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Mai hoton da ya duba abin da ke rage masa a wata bayan an fitar da kashe-kashe ya ga bai kai haka ba, jarinsa yake ci yana kiransa riba. Ƙaura, garin da jirgin ƙasa ya iso tun 1929 ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga, ba baƙon awo da ciniki ba ne. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, wadda aka kafa a 1983, tana koyar da darasin dogaro da kai kamar sauran irinta; zama ɗaya a kan yadda ake fitar da kuɗin aiki, a buɗe shi ga masu shagunan hoto da teloli na cikin gari, zai yi amfanin da ba a zata ba.

Bayan an san farashi, sauran saƙo ɗaya ne a waya ko rabin takarda: waɗanne taruka za a ɗauka, hoto nawa za a wanke, yaushe za a kawo, nawa ne kafin alƙalami, nawa aka yafe. Mai hoto ya yanke wa kansa tun kafin damina ta ɗauke, su wa zai yi wa kyauta a bana, 'yan ɗakinsu, da marayu, da waɗanda rikici ya koro, don kada ya riƙa yanke shawara a tsaye a gaban mai roƙo. Yana kuma da damar cewa yana so ya ci bikin ƙanwarsa a zaune. Sai ya yi musaya da abokin sana'a, wannan ya ɗauki bikin gidan wancan, wancan ya rama in nasa ya zo.

Amma nauyi mafi girma a kan manya yake. A gidan Bahaushe yaro ba ya iya duban baffansa ya yanka masa kuɗi, kuma in inna ta ce, "Haba ɗana, wanga buki ai naka na," magana ta ƙare. Babba ne zai cire masa wannan nauyi ya ce, "Nawa kake yi wa mutane? Faɗa mini tukuna, sannan mu yi ta gida." In yaron ya sunkuyar da kai ya ce a bar shi, kada a karɓa da sauri. A biya aƙalla abin da zai fita daga aljihunsa, a gaban idonsa kuma a ambaci sauran a matsayin abin da ya bayar.

Rashin faɗin kuɗin nan ya fi shafar 'yan mata masu sha'awar sana'ar. Gidajen da ba sa son namiji ya shiga wajen kamu da lalle suna bukatar mace mai hoto, kuma wannan kasuwa ce a buɗe a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi. Sai dai aikin da mace ta yi a cikin gidan dangi, taya aiki ake kiransa, kamar wanke-wanke da tuƙin tuwon biki. Yarinyar da ta tara kuɗin adashe ta sayi kyamara, in ta yi biki biyar na dangi da ƙawaye ba ta ga ko na batir ba, za ta ajiye ta ta koma lalle ko kwalliya, inda aka riga aka saba biya. Gidajen nan kuma su koma neman mace mai hoto daga Gusau ko Kano, su biya cikakken farashi, su ɗora kuɗin mota da masauki a kai.